Rigar fata ko ta yadi: Wacce ta dace da mai babur a ƙasar Yauri?

A ƙananan hukumomi uku da suka haɗu suka zama Masarautar Yauri, wato Yauri da Ngaski da Shanga, babur ne ke ɗauke da mafi yawan zirga-zirgar yau da kullum. Shi ke kai malamin makaranta ƙauyen da aka tura shi, shi ke kai ma'aikacin lafiya rigakafi, shi ne kuma abin hawan ɗan kasuwar da ke bin garuruwan bakin Tafkin Kainji yana sayen albasa da busasshen kifi. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, ma'aikata da dama da suka saba da mota sun jingine ta sun koma kan Bajaj ko Jincheng. Abin hawa ya sauya, amma shiga tana nan yadda take: kaftani, hula da silifa.

Wanda ya yi niyyar sayen kayan kariya kuwa, tambayar farko da zai ci karo da ita a kasuwa ita ce, rigar fata zai saya ko ta yadi? A Turai an daɗe ana wannan muhawara. Sai dai amsar da ta dace da mai tuƙi a Jamus ba lallai ta dace da mai bin hanyar Yelwa zuwa Koko a watan Afrilu ba.

Aikin da ake nema daga rigar

Idan mutum ya faɗi daga kan babur, abu biyu ne ke samun jikinsa. Na farko buguwa, lokacin da kafaɗa ko gwiwar hannu ko kwatangwalo ya daki ƙasa. Na biyu gurzuwa, lokacin da jiki ya ci gaba da jan ƙasa a kan kwalta ko tsakuwa har ya tsaya. Nisan wannan jan ƙasa yana ƙaruwa fiye da yadda ake zato, domin idan gudu ya ninka sau biyu, nisan kan ninka kusan sau huɗu. Wanda ya faɗi yana kan kilomita 40 a awa a cikin garin Yelwa da wanda ya faɗi yana kan 80 a hanyar Kontagora, haɗarinsu ba ɗaya ba ne ko kusa.

Jikin rigar, fata ce ko yadi, gurzuwa kawai yake tarewa. Buguwa aikin garkuwa ne, wato waɗannan ƙananan matasai na roba ta musamman da ake cusawa a aljihunan ciki daidai kafaɗa da gwiwar hannu da gadon baya, a wando kuma daidai gwiwa da kwatangwalo. Mahayan dawakin ƙasar Hausa sun san wannan rabon aiki tun da can: lifidin da aka cusa wa auduga yana shanye bugu, garkuwar fata kuma tana tare kaifi. Rigar babur ta kirki tana haɗa ayyukan biyu wuri ɗaya.

Shadda da atamfa da wandon jins ba sa yin ko ɗaya daga cikin ayyukan nan. A gwajin da ake yi wa tufafi a kan na'urar gurza, jins na yau da kullum ba ya kai sakan ɗaya kafin ya huje. Wani bincike da Liz de Rome da abokan aikinta suka wallafa a 2011, bayan sun bi diddigin mahaya 212 da suka yi haɗari a Ostireliya, ya nuna cewa masu sanye da rigar babur sun fi kuɓuta daga kwanciya asibiti, musamman idan rigar tana da garkuwa. Binciken ya kuma gano cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na kayan sun yage ko sun huje a haɗarin. Ke nan ba duk abin da aka kira rigar babur ne ke cika sunansa ba.

Abin da fata ta fi yadi

Fata ce tsohuwar hannu a wannan fage. A 1928 Irving Schott ya fitar da rigar fata mai zif da ya kira Perfecto a birnin New York, kuma har yau siffarta ce ke zuwa a ran mutane idan aka ce rigar ɗan babur. A gasar tseren babura ta duniya, MotoGP, inda gudu ke haura kilomita 300 a awa, fata ake sawa daga wuya har idon sawu, ta saniya ko ta dabbar kangaru, kuma tun 2018 an wajabta jakar iska a cikinta.

Dalilin fifikon a bayyane yake. Fatar saniya da aka jeme da kyau, mai kaurin milimita 1.2 zuwa 1.4, tana cinyewa ne a hankali idan tana gurzar kwalta, kuma ba ta narkewa. Tana kama jiki, don haka garkuwar da ke ciki ba ta zamewa daga inda aka ajiye ta. Idan an faɗi da ita sau ɗaya, sau da yawa baduku na iya gyara ta a ci gaba da sawa, in dai ya yi amfani da zare mai ƙarfi ya kuma maimaita ɗinki biyu. Idan ana kula da ita, takan yi shekaru masu yawa.

Sai dai tana da nauyi, takan kai kilo 2 zuwa 3, tana riƙe zafi, kuma ba ta shiri da ruwa. Waɗannan abubuwa uku ƙananan aibobi ne a ƙasar sanyi. A bakin Kainji su ne kan magana.

Abin da yadi ya fi fata

Yadin da ake nufi a nan ba na tela ba ne. Saƙa ce ta zaren nailan ko foliyesta mai kauri, irin wanda ake yin jakar sojoji da shi. Wanda ya fi suna shi ne Cordura, kuma ana auna kaurin zarensa da lamba mai harafin D a ƙarshe: 500D ko 600D a jikin riga, 1000D a kafaɗa da gwiwar hannu inda aka fi gurzuwa. Wasu kamfanoni kan yi wa wuraren shafi da Kevlar, zaren da Stephanie Kwolek ta gano a kamfanin DuPont a 1965, wanda ke jure zafi ƙwarai.

Rigar yadi ta fi sauƙin nauyi, ana wanke ta, tana bushewa da wuri, tana da aljihuna da ƙofofin iska masu zif. Akwai wadda aka yi wa shafin hana ruwa da ake cirewa a mayar, akwai kuma ta raga, wadda ƙirjinta da bayanta saƙa ce mai ƙananan ramuka da iska ke ratsawa, aka bar yadi mai kauri a wuraren faɗuwa kawai. Masu tseren Paris zuwa Dakar, wanda aka fara a ƙarshen 1978 ya ratsa Agadas da Yamai, irin waɗannan kaya na yadi da garkuwa mahayansa suka koma sawa, domin wanda zai wuni cikin rana da rairayi ba zai iya da fata ba.

Raunin yadi biyu ne. Nailan da foliyesta suna narkewa idan zafi ya kai wajen digiri 250, kuma doguwar gurzuwa a kan kwalta na iya kai su can, har narkakken zaren ya manne wa rauni. Shi ya sa ake son a sa rigar auduga mai dogon hannu a ciki. Na biyu, rigar yadi da ta sha mummunar faɗuwa yawanci ta gama aikinta ke nan. Rana ma tana cin ƙarfin zaren a hankali, saboda haka rigar da launinta ya koɗe ƙwarai ba ta da ƙarfin da take da shi tana sabuwa.

Bazara, damina da tafki

A Yelwa da Wara da Shanga, zafin watan Maris da Afrilu kan kai digiri 40. Mutumin da ya rufe jikinsa da baƙar fata a irin wannan rana, zufarsa ba ta samun hanyar bushewa, kuma bushewar zufa ita ce hanyar da jiki ke sanyaya kansa. Daga nan sai ƙishirwa da ciwon kai da kasala, hankali ya rarrabu, hannu ya yi jinkirin kama birki. Rigar da aka saya domin rage rauni sai ta zama sanadin haɗarin. Abin da ya fi faruwa ma shi ne mai ita ya gaji, ya rataye ta a ƙusa, ya koma kaftaninsa, kuɗinsa sun tafi a banza.

Akwai wani abu da mahaya da yawa ba su lura da shi ba. Zafin fatar jikin mutum yana wajen digiri 33 zuwa 35. Idan iskar waje ta fi haka zafi, buɗe jiki gare ta ƙara zafi yake yi, kamar mai tsayawa a bakin tanda. Don haka tuɓe riga a tafi da singileti ba dabara ba ce. Abin da ya fi shi ne a jiƙa rigar ciki da ruwa, a ɗora ta raga mai haske a kai, iska ta riƙa busar da ruwan tana sanyaya jiki, a kuma riƙa tsayawa shan ruwa tun kafin ƙishirwa ta kama.

Da damina ta kankama, daga Mayu zuwa Oktoba, sai matsalar ta juya. Fata tana shan ruwa ta ƙara nauyi, tana kwana biyu ba ta bushe ba, kuma idan aka shanya ta a rana ko kusa da wuta sai ta ƙandare ta tsattsage. A gidajen da ke kusa da ruwa, inda danshi ba ya ƙarewa, rigar fatar da aka ajiye a cikin akwati kan yi fumfuna cikin 'yan makonni. Ta raga ita ma ba ta tare ruwa ko kaɗan, amma ana ɗora rigar ruwa a kanta, kuma kafin gari ya waye ta bushe. Hanyoyin ƙauyukan Ngaski da Shanga, waɗanda galibinsu burji ne da taɓo, faɗuwar da ake yi a kansu ta ƙaramin gudu ce: santsi, rairayi, rami, ko akuya ta gitta. A nan garkuwar gwiwa da ta gwiwar hannu sun fi kaurin fata amfani.

Lokaci ɗaya ne fata ke jin daɗin wannan ƙasa, wato hunturu, daga Disamba zuwa farkon Fabrairu. Wanda ya yi sammako daga Yelwa zuwa Birnin Kebbi a cikin buji ya san yadda iskar asuba ke ratsa ƙashi, kuma fata tana tare ta sarai. Amma wata biyu da rabi ne cikin goma sha biyu, kuma rigar sanyi a ƙarƙashin ta yadi tana biyan buƙata.

Sai batun ƙetare ruwa, wanda littattafan Turawa ba su san da shi ba. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 tafkin ya cika, mutanen wannan yanki ke loda babura a jirgin ruwa su haye zuwa tsibirai da ƙetaren Neja. Mummunan haɗarin jirgin da ya auku kusa da Wara a watan Mayun 2021, wanda ya ci rayuka masu yawa, bai gushe a zukatan jama'a ba. Duk wanda zai shiga jirgi da baburinsa, ya cire hular kwano da rigar kariya da babban takalmi kafin ya taka jirgin, ya sa rigar ceto idan akwai. Kayan da ke ceton rai a kan kwalta suna iya janyo mutum ƙasa a cikin ruwa, kuma jiƙaƙƙiyar fata ta fi kowanne muni.

Alamar da ke cikin riga

Tun 2020 ƙasashen Turai ke auna tufafin babur da ma'aunin da ake kira EN 17092, kuma amfaninsa shi ne bai damu da ko fata ce ko yadi ba, gwaji ɗaya ake yi musu. A cikin rigar za a ga ɗan hoton mutum a kan babur tare da harafi. AAA ce mafi ƙarfi, ana gwada wuraren faɗuwarta da gurzuwar da ta yi daidai da gudun kilomita 120 a awa. AA ana gwada ta a kan 70, A kuma a kan 45. Mai harafin B tana tare gurzuwa amma ba ta da garkuwa, mai C kuwa garkuwa ce kawai a cikin raga, dole a ɗora wata riga a kai.

Yawancin rigunan AAA na fata ne, yawancin na raga kuma A ne, wasu AA. Idan aka dubi cewa Boxer mai inji 100 da kaya a bayanta ba kasafai take wuce kilomita 70 zuwa 80 ba, za a ga cewa AA ta wadatar da mai doguwar tafiya, A kuma ta yi wa mai zagayen gari. Neman AAA domin zuwa sakatariya ɓarnar kuɗi ce da wahalar da kai.

Garkuwa ma tana da nata ma'aunin da ake bugawa a jikinta: EN 1621-1 ta gaɓoɓi, EN 1621-2 ta gadon baya. Kowacce tana da mataki na 1 da na 2, kuma na 2 ya fi shanye bugu. Riguna da yawa ana sayar da su da ɗan soso kawai a aljihun baya. Wannan soson cika wuri yake yi, ba ya tare komai.

Tarkon kasuwar gwanjo

Mafi yawan masu karanta wannan a gwanjo za su sami rigar, a Kontagora ko Sakkwato ko Kano, ko ta hannun masu sayarwa a intanet. A nan ake yin asara. Yawancin rigunan fata da ke rataye a rumfunan gwanjo na ado ne, an yi su da fatar tunkiya mai laushi wadda kaurinta bai kai milimita ɗaya ba, da ɗinki guda. Wasu ma ba fata ba ne sam, roba ce aka shafa a kan ƙyalle. Abin dariya, kalmar leda da muke kiran irin wannan roba da ita, daga sunan fata a Turanci aka aro ta. A juya rigar a duba bayan fatar ta wani gefe: ta gaske tana da gashi-gashi kamar ƙirgi, ta jabu kuwa saƙar ƙyalle za a gani, kuma takan fara ɓarewa a wuya da bakin hannu.

Ko fata ce ko yadi, a ja ɗinkin kafaɗa da na hannu da ƙarfi a gani ko zai buɗe, domin riga ta fi yagewa ta ɗinki. A gwada zif sau da yawa. A ciro garkuwar a lanƙwasa ta, idan ta ƙandare ko tana marmashewa to ta tsufa. Sannan a sa rigar a zauna a kan babur a kama kai: hannunta ya rufe wuyan hannu, bayanta kada ya ɗage, garkuwar kuma ta zauna daidai gwiwar hannu ko an murɗa ta. Riga mai yalwa irin wadda muka saba da ita ba ta da amfani a nan, domin tana naɗewa sama da zarar an taɓa ƙasa. Alamar ma'aunin Turai kuma ana buga ta jabu, saboda haka sabuwar rigar da aka yi wa kuɗin kaftani abar tuhuma ce. Araha ba ta ado.

Launi ma abin dubawa ne. Mai haske ya fi sanyi, kuma direban tirela ya fi hango shi da magariba, musamman idan yana da ratsin da ke ƙyalli a hasken fitila. Akwai kuma dalilin tsaro. Tun bayan sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a ranar 17 ga Yuni, 2021, da hare-haren da suka addabi ƙauyukan yankin, baƙon da ya shigo gari a kan babur cikin baƙaƙen kaya fuska a rufe yana tayar da hankali. A ɗaga gilashin hula a shingen bincike da bakin gari, a kuma guji duk rigar da ke da zanen kakin soja, wadda rundunar soji ta sha gargaɗin farar hula a kanta.

Inda fata ba ta da na biyu

Duk wanda zai faɗi, tafin hannu yake fara kaiwa ƙasa. A nan fata ta yi zarra, kuma fatar akuya ce aka fi so a safar hannu domin tana da laushi da ƙarfi a lokaci guda. Wannan arzikinmu ne na gida: fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ita ce Turawa suka daɗe suna saye ta hannun fataken Sahara suna kiranta fatar Maroko. Safar da ke da ninki biyu a tafi da maɗauri a wuyan hannu ita ake nema, domin wadda ba ta da maɗauri fita take yi.

Haka ma takalmi. Silifa ba ta hana ƙunar salansa, ba ta hana yatsa shiga tsakanin taya da ƙarfe, kuma ita ke fara tashi. Takalmin fata sau-ciki mai rufe idon sawu, mai taurin ƙasa, ko da irin na ma'aikatan gini ne, ya fi ta nesa ba kusa ba. A cusa igiyarsa ciki kada ta kama giya.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya kai hular kwano. Nazarin da aka tattara daga ƙasashe da dama, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kafa hujja da shi, ya nuna hula tana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kashi 69. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa ta a ranar 1 ga Janairu, 2009, lokacin da wasu 'yan acaɓa a Kano suka riƙa kifa ƙwarya a ka don guje wa kamu. Mai rauni a kai a ƙauyen Ngaski, kafin ya ga likitan ƙwaƙwalwa sai an yi doguwar tafiya da shi. Wanda kuɗinsa ba su isa komai da komai ba, ya fara da hula mai maɗauri, sai safar hannu da takalmi, sai rigar raga mai garkuwa, wando ya biyo baya. Cikakkiyar rigar fata ta dace ne da mai babban babur da ke yawan bin hanyar Jega ko Kontagora da gudu, kuma shi ma ya nemi mai ƙananan hudoji da iska ke shiga.

Ma'aikacin da ba zai shiga ofis da kayan babur ba yana iya naɗe babbar rigarsa a jaka ya sa idan ya isa. Hakan ma ya fi, domin babbar riga da rawani da hijabi da bakin zani suna shiga sarƙa da wayoyin tayar baya su fizgo mutum ƙasa. A Indiya, inda ake ƙera Bajaj da TVS, doka ta wajabta sa ragar ƙarfe a gefen tayar baya saboda tufafin mata. Maƙerin walda a Yelwa ko Wara zai iya ƙera irinta cikin yini ɗaya, kuma ɗan kabu-kabun da ke ɗaukar mata zuwa kasuwa ya fi kowa buƙatarta.